Jakar Baba Mai Tayil Ta Riga Shi Isa Gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ne Babban Manajan kamfanin da ya ɗauko ma'aikata daga ƙasarku domin ginin sabon otal. Daga kan kujerata mai juyawa, a ofishin da sanyinsa ba ya ɗaukewa, nake sanar da iyali da abokan arziki rasuwar dattijon da kowa ke kira Baba Mai Tayil. Allah ya karɓi ransa ranar Talata, bakwai ga watan nan, tsakanin Azahar da La'asar, a ɗakin ajiyar siminti da ke bayan ginin. A nan aka yi masa sutura, a nan aka binne shi, a ƙasar da ya zo da niyyar yin wata shida ya koma.

Ofishina ya shaida wa iyalinsa cewa gajeriyar rashin lafiya ya yi. Na ga ya dace in faɗi gaskiyar tsawonta.

Baba, yau zan yi magana da kai, abin da ban taɓa yi ba kana da rai. Kullum ina taka aikinka da takalmina mai ƙyalli, ban taɓa tambayar hannun wa ya shimfiɗa shi ba. An ce min a durƙushe kake wuni, ka ɗaure soso a gwiwoyinka da igiyar roba. Kowane tayil ka kafa sai ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma, ka kara kunne kamar mai jiran a amsa masa sallama. An ce min a ɗakinku mai gadaje hawa-hawa, wanda safa da tawul ke shanye a kowane ƙarfe, kai ka ɗauki gadon bakin ƙofa inda ake tuntuɓe da ƙafar mutum, ka bar wa samari na lungu. Duk sabon zuwan da kewar gida ta kama, kai ne mai miƙa masa wayarka ka ce, “Kira tsohuwarka ka ji muryarta. Kukan na makon farko ne, a na biyu gajiya ba za ta bar ka ba.”

An kuma ba ni labarin wani matashi mai kwaɓa maka siminti, wanda ka raɗa wa suna Ja'iri. Ba shi da sana'ar da ta wuce kwaikwayon muryata. Wata rana ya laɓe bayan ƙofa, ya toshe hanci, ya yi shela cewa kamfani ya ƙara wa Baba girma, daga yau shi ne shugaban masu durƙuso. Ɗaki ya kwashe da dariya. Ko ɗago kai ba ka yi ba, ka ce, “Ja'iri, fito ka kawo min ruwa. Manajan da bai san sunana ba ne zai ƙara min girma?”

Ka yi gaskiya, Baba. Lambarka ta aiki kawai na sani.

Da kwangila ta ƙare, kuka shirya kaya irin shirinku na ma'aikata: kowa ya tara duniyarsa a ƙatuwar jaka guda, a danne ta da gwiwa, a naɗe ta da leda, a ɗaure da igiya, don kada a buɗe a hanya. Kai ma ka zuba atamfofin matarka Inna, da takalman jikoki, da agogon bangon da ka saya wa falonka. A tsakiyar atamfofin ka cusa ragowar maganinka na hawan jini, don kada kwalbar ta fashe. Tafiyar yini ɗaya ce, me zai sa ka riƙe shi a aljihu?

Aka karɓi jakunkuna, kuka shiga jirgi, kuka ɗaura bel. Sai aka ce inji ya samu matsala, kowa ya sauka. Washegari aka ce ma'aikatan filin jirgi sun shiga yajin aiki. Da aka sasanta, jirgin farko ya kwashe kayanku ya tafi, ku kuwa aka ce babu kujera. Jakarka ta isa gida lafiya lau. Jikoki suka sa takalma, aka rataye agogo a bango, Inna ta share ɗakinka tana jiran sallamarka.

Kuka dawo wurina da kayan jikinku. Ɗakinku na riga na zuba sabbin ma'aikata a ciki, sai na ba ku ɗakin siminti, kuka shimfiɗa kwalaye a kan buhuna. Katin asibitinku ya mutu ranar da kwangila ta mutu. Izinin zamanku ma ya ƙare, wanda ya leƙa titi yana tsoron a kama shi. Duk lokacin da kuka zo ofishina, sakatare ya ce muku ina taro.

Kujeru suka fara fitowa bibbiyu, uku-uku. Ku kuma kuna da tsarinku tun daga gida: babba ne ke raba tafiya, a duba wanda uzurinsa ya fi nauyi, kuma mai rabon ba ya sa kansa a gaba. Kai ne babba. Ka tura mai fenti saboda matarsa ta kusa haihuwa. Ka tura kafinta saboda mahaifinsa na kwance. Ka tura mai haɗa wutar lantarkin nan da aka ɗage bikinsa. Da mai walda ya ce, “Baba, kai fa?” sai ka ce, “Ni Inna ta saba jirana, tun kafin a haife ka take jira.”

Babu wanda ka gaya wa maganinka ya tafi. Idanunka suka kaɗa, ka ce ƙurar siminti ce. Ka fara yin sallah a zaune, ka ce gwiwa ce. Sai da Ja'iri ya gan ka kana laluben bango da rana tsaka, ya tsare ka da tambaya, sannan ka faɗa masa, har da dariya: “Maganin ya fi ni sa'a, yana can gida cikin atamfa.” Abokan aikinka suka kira gida a karanto musu sunan maganin. Mai kantin magani ya ce sai da takardar likita, likita ya ce sai da kati mai rai. Suka tsaya a ƙofar ofishina har inuwa ta juya. Ina ciki, ina jin su.

Ranar Talata ka yi alwala, ka zauna a kan buhu, ka ce kanka na sarawa. Ka jingina, ba ka sake tashi ba.

A nan zan ajiye wannan babbar rigar, ta yi min nauyi. Manaja bai rubuta komai ba. Bai zo jana'iza ba, bai aiko ba, direbansa ne ma ya taya mu ɗaukar makara. Ni ne Ja'iri. Ban yi boko ba, allo kawai na wanke, wannan rubutun ma a waya na koye shi. Na ari bakinsa ne don na ga in ban sa shi ya yi magana ba, ba zai taɓa yi ba. Amma addu'ar Baba ba zan yi ta da muryar wani ba.

Inna, kin tambaya a waya ko akwai mutum a kusa da shi. Akwai. Kansa a kan cinyata yake. Na laƙana masa kalmar shahada, ya amsa, na ji da kunnena. Mu muka wanke shi, mai walda ya ja mu sallah. Ban taɓa faɗa miki magana ba tare da wasa ba, wannan kam babu wasa a ciki.

Allah ka jiƙan Baba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ya rasu baƙo, Allah ka karɓi baƙuncinsa, ka saukar da shi a gidan da ba a cewa babu wuri. Allah ka ba Inna da 'ya'ya da jikoki haƙuri, ka tsaya musu. Wanda ya ji mu a bakin ƙofa ya ƙi buɗewa, mun bar shi da kai.

Jiya sakatare ya leƙo ɗakin siminti da fara'arsa, ya ce kujera ɗaya ta fito, da lambar Baba a jiki. Babu sauran mai rabo. Daga baya suka ce ni zan tafi, tunda ni zan iya duban idon Inna in faɗi yadda aka yi. Zan zo da hularsa da carbinsa da gudumarsa da ya bari a wurin aiki. In jirgin ya tashi ke nan.