Yadda Don Tele Ya Raba Ciwonsa Gida Biyu

A garinmu Palmarito, idan ka gai da Don Telésforo Cantillo da safe, ba ya amsawa sai ya ɗan dube ka tukuna, ya auna ko me kake nema da lafiyarsa. Shekara arba'in da ɗaya yana fito a kogin Magdalena, daga gaɓarmu zuwa tsallake, da jirginsa mai inji ɗaya da shuɗiyar rumfa. A duk shekarun nan ban taɓa jin ya yarda da sikelin mai kifi ba, ko agogon coci, ko mai faɗin yanayi a rediyo. Ni ne mai askinsa, ni kuma na riƙe 'yarsa Briseida ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kompadre. Duk da haka in na ɗora masa aska a wuya, idonsa ba ya barin madubi.

"Kompadre, shekara talatin ina maka aski, ban taɓa yankarka ba."

"Shi ya sa nake ganin ranar ta kusa."

To, irin wannan mutumin ne likitan garinmu ya ce wa yana da hawan jini.

Ciwon bai dame shi ba kamar labarin ciwon. A tashar jirgi akwai samari masu sababbin injuna da ke jiran ya yi tari sau biyu su kwashe masa fasinja. Wace uwa ce za ta ɗora 'ya'yanta da buhun rogonta a jirgin mutumin da aka ce jini na hawa masa ka? Ga kuma Briseida can a Barranquilla, tun rasuwar mahaifiyarta take neman dalilin da za ta ɗauke shi ta ajiye a bene hawa na huɗu, inda ba abin kallo sai tankin ruwan maƙwabta.

Kantin maganin da kowa ke zuwa shi ne na Don Arístides, a bakin dandali. Mutumin kirki ne. Zai yi maka allura, ya auna maka jini, ya yanka maka ƙwaya biyu daga kati in ita kaɗai kuɗinka ya kai. Aibinsa ɗaya, murya. Ga benci a ƙofar kantin, tsofaffi masu buga domino ba sa barinsa sai rana ta faɗi. Sai ka ji daga ciki, "Don wane, maganin basir ɗinka ya iso!" Kafin mutum ya karɓi canji, an gama masa jaje.

Don haka Don Tele ya riƙa zuwa da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa, yana cewa maganin na yayar matarsa ne da ke kwance a ƙauye. Yayar nan kuwa ta yi shekara huɗu da mutuwa, kuma da Don Arístides aka ɗauki akwatin gawarta. Amma sai Don Arístides ya naɗe maganin ya ce, "A gaishe ta da jiki."

Bayan shekara guda wata matsalar ta zo, ta fitsari, wadda ta fi ta farko kunya. Wannan karon bai je wurin likitanmu ba, don ƙanwar matar likitan tana sayar da soyayyen kifi a tasha. Ya ɗaure jirgi a tsallake, ya nemi wani likita da bai san shi ba. Likitan ya tambaye shi ko yana shan wani magani.

"Ni? Kofi kaɗai."

Aka auna, aka ga jini ya hau, don Don Tele in ya ga farar riga jininsa ma tsaye yake miƙewa. Aka rubuta masa magani biyu, na fitsari da na jini. Ya saye su a can, a sabon kemis ɗin nan mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura. Ya ƙona kwalayen a murhu, ya zuba katunan cikin gwangwanin biskit tare da ƙugiyoyin kamun kifi. Yanzu ciwonsa ya rabu gida biyu, kogi a tsakani, babu mahaluƙin da ya san duka. Ya yi ta jin daɗin wannan dabara kamar wanda ya ci caca.

Sai jiri ya fara. In ya miƙe daga kujerar inji don ya jefa igiya, gaɓa ta riƙa juyawa. Wata Talata, ana tsakar sauke ayaba, ya miƙe, ya yi taku ɗaya, sai ga shi zaune cikin ruwa har ƙirji, hularsa ta kama hanyar teku. Ya ce katakon ne ke da santsi, kuma ya san wanda ya zuba mai a wurin. Kafin tufafinsa su bushe labari ya isa Barranquilla.

Briseida ta kira. Ina wurin, kuma ba sai an saka kunne ba.

"Baba, ina zuwa makon Ista. In na tarar kana tangaɗi, jirgin nan za a sayar, mu taho tare. Na riga na sayi katifa."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa."

Saura kwana goma sha biyar.

Ni kuwa a lokacin ina da tawa damuwar. Wata uku ke nan saƙo na shigo mini a waya daga kemis ɗin tsallake: ana tuna wa Don Fulgencio, wato ni, cewa maganinsa na fitsari ya kusa ƙarewa, kuma akwai rangwame. Matata Cenelia ce ta fara gani. Ta daina sa mini gishiri a abinci, ta fara ƙirga zuwana bayan gida, ta kuma tambaye ni me nake zuwa yi tsallake da ba ta sani ba, da wa kuma. Na yi rantsuwa da duk waliyyan da na sani, ta ce yawan rantsuwar ne ma ya ƙara mata zargi.

Ranar da Don Tele ya zauna a kujerata bayan faɗuwarsa, wayar ta yi ƙara, na karanta saƙon a fili. Na ga kunnuwansa sun yi ja a madubi.

"Kompadre," na ce, "da sunana ka sayi maganin?"

"Sun nemi suna da lambar waya. Ni zan ba na'ura sunana?"

"Sai nawa?"

"Kai ba ka da jirgi. Mai aski ko yana fitsari sau goma, wa ya damu?"

Na ajiye almakashi. Na ce masa Cenelia ta hana ni chicharrón, soyayyen naman aladen da nake so, wata uku saboda shi, don haka ko ya kai gwangwanin nan wurin wanda ya san magani, ko ni in kai labarin bencin domino da kaina.

Nan muka shiga zaɓe. Don Arístides ya liƙa takarda a ƙofarsa cewa duk ranar Alhamis mutum ya kawo magungunansa duka a leda, a duba masa kyauta.

"Kyauta?" in ji Don Tele. "Tanar da ke bakin ƙugiya ma kyauta ce."

"To na tsallake. Suna da ɗan ɗaki na ganawa."

"Labule ne, ba ɗaki ba. Kuma yarinyar da ke sayar da maganin tana magana da kai hannunta na kan na'ura. Wa ke karantawa a ɗaya gefen?"

Na ci gaba da gyara masa ƙeya. Can ya ce, kamar mai haɗiyar maɗaci, "Nicolasa."

Doña Nicolasa Arrieta tana da ɗan kemis a bayan makabarta, inda ba wanda ke bi sai da dalili. Ta yi karatun haɗa magani sosai, takardarta na rataye a bango, amma ba ta da benci, ba ta da fara'a, ba ta zuwa biki. Shekara goma sha tara ba ta yi wa Don Tele magana ba, tun ranar da kwalin kayanta ya jiƙe a jirginsa, ta ce ganganci ne, ya ce ta je ta yi ƙarar kogi.

"Matar da ta tsane ka?"

"Ta tsani kowa. Wa za ta gaya wa?"

Ya ce in raka shi, in tsaya a ƙofa in ga mai wucewa. Ya naɗe gwangwanin cikin tsumman inji. Doña Nicolasa ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Mai jiƙa kayan mutane. Me ya kawo ka, kogin ya ƙafe?"

"Wani abokina ne ba shi da lafiya."

Ta leƙo ta dube ni. "Wancan? Ƙoshi ne kawai ke damunsa. Buɗe."

Ta juye gwangwanin a kan tebur, ta ware ƙugiyoyi gefe da bakin biro, ta riƙa juya katunan tana karanta bayansu. Ta ɗauki biyu, ɗaya fari ɗaya ruwan hoda, ta jera.

"Abokin naka yana shan wannan da wannan?"

"Kullum da safe."

"Wa ya ba shi?"

"Likita."

"Likita ɗaya?"

Don Tele ya dubi silin.

"Magani ɗaya ne, Telésforo. Kamfani ne daban, riga daban. Kana shan na mutum biyu. Ga wannan na ukun, na fitsari, shi ma yana saukar da jini. Miƙo hannu."

"Ba ni ba ne..."

"Miƙo hannun abokin."

Ta auna shi a zaune, ta sa ya miƙe ta sake aunawa, ya dafa tebur. Ta girgiza kai. "Da wannan jinin kake ɗaukar 'ya'yan mutane? Ƙadangare ya fi ka jini." Ta ɗaure katin ruwan hodar da roba ta jefa a aljihun teburinta, ta rubuta takarda da sunayen magungunan uku. "Gobe ka kai wa likitan garin nan, ka nuna masa duka, har na kunyar. Shi zai faɗi yadda za ka sha. Jirgi kuma ka bar shi a ɗaure sai ya ce."

"Me zan saya?"

"Babu."

"Babu kamar yaya?"

"Ka zo da uku, ka koma da biyu. Fita, kana ɗiga mini man inji."

Da muka wuce makabarta ya juyo wurina. "Kompadre, ka taɓa ganin mai kanti da ya rage maka kaya? Akwai abin da take shiryawa."

Amma ya je wurin likitan. Kwana biyar jirgi na ɗaure, ya ce wa 'yan tasha inji yake wa gyara, har yana kwance sassan da lafiyarsu ƙalau yana mayarwa. A kwana na shida ya miƙe daga kujera, gaɓa ta tsaya inda Allah ya ajiye ta.

Bai bar Doña Nicolasa haka ba. Da ya koma awo, sai ya raɗa mata cewa likita ya kuma gano masa tsutsa a hanta, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya zauna jiran labarin ya zagayo. Kullum sai ya zo shagona.

"Ba ka ji komai game da hantata ba?"

"Ban ji ba."

"Cenelia fa?"

"Ita ma."

"Hmm. Nicolasa tana jiran farashin labarin ya tashi."

Briseida ta iso ranar Laraba. Ba ta ko ajiye jaka ba ta ce a kai ta tsallake. Na shiga jirgin ni ma, don ba a barin irin wannan. Ta zauna daf da shi, ta zuba masa ido. A tsakiyar kogi ta saki gyalenta da gangan ya faɗi bayan kujera.

"Baba, ɗauko mini."

Ya dube ta, ya dubi gyalen, ya gane. Ya sunkuya, ya ɗauka, ya miƙe tsaye cak a kan jirgi mai tafiya, hannu ɗaya a kan inji, har ya ƙara da kaɗe mata shi.

"Sai kuma me? In yi rawa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya nuna mata abin da yake sha. Ya zaro takardar Doña Nicolasa daga cikin hularsa, sabuwar da ta rubuta masa da ya koma awo, ya miƙa mata. Ta karanta har ƙasa, har na kunyar, ba ta ɗaga kai ba.

"Na bar maka jirgin zuwa Disamba," ta ce. "Duk Litinin ka je ta auna ka. In ka tsallake ɗaya zan sani."

"Ta yaya za ki sani?"

"Zan sani."

Ya juyo ya dube ni. Na ce ni fasinja ne kawai. Ya rage wutar inji don mun kusa gaɓa, ya miƙe ya jefa igiya, ta faɗa kan turke daidai.

"Katifar fa?" ya tambaya.

"Tana nan."

"Ki mayar musu tun ba su ce kin kwanta a kai ba."