Waƙar Niƙan Innata

Shekarar da aka tura ni bita Kano, ni kaɗai ce mai koyar da waƙa a firamaren da ke wajajenmu na Makoda, kuma ni kaɗai ce 'yar ƙauye a ajin. Mako biyu ana nuna mana yadda malami ɗaya zai iya da kowane salo: bege, waƙar coci, ta fim, har da ta Turawa. Malamin namu mutumin kirki ne, amma fa akwai naci. Kullum maganarsa guda, a miƙe tsaye, a saki kafaɗa, a jawo numfashi daga ciki.

Ranar ƙarshe ya ce kowa ya kawo waƙar gidansu. Ni kuwa da rawar kai na ce zan yi waƙar niƙa ta Innata, wadda ta rasu damina uku kafin nan. Na miƙe, na saki kafaɗa, na yi baiti na farko. Na biyu ya ɓace mini ɓat. Aka tafa mini don kara, na zauna kamar in nutse. Amma tsoro ya fi kunyar, domin tun da injin niƙa ya shigo garinmu ba wadda ta riƙe waƙar nan sai ni.

Da na koma gida ko jaka ban kwance ba, na zagaya bayan rumbu. Dutsen niƙan yana nan, kaji sun mai da shi mashaya. Na wanke shi, na ɗebo dawa, na durƙusa. Ashe Inna ba ta taɓa yin waƙar nan a tsaye ba. In ta tura dutse kalma ta fita, in ta jawo shi ta ja numfashi. Hannuna na fara tafiya sai ga baiti na biyu, na uku ya biyo shi, ina yi ina hawaye.

Na huɗu ya tsaya a rabi. Na niƙe kwano guda bai ƙarasu ba. Ban san lokacin da na waiga ƙofar ɗakinta ba, na ce, "Inna, daga nan kuma fa?"

Matar yayana ce ta leƙo, ta ce in garin tuwo nake so ai inji yana aiki.

Yanzu ni ake turo wa sababbin malamai. A durƙushe nake koya musu, baiti uku da rabi. In sun tambayi ragowar, sai in ce nan ta ƙare.