Saniyar da Hayatu Ya Bari a Turke

Duk wanda ya ci kasuwar Talata Mafara a shekarun baya ya san Hayatu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon Bafulatanin nan da ke zama bakin karar shanu yana tufkar igiya yana sayarwa. Ba da igiya ya fara ba. Makiyayi ne, kuma a ƙauyenmu na gefen Dosara ba a yi wanda aka amince wa kamarsa ba.

Da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonakinmu na fadama, mutane da yawa suka mai da ɗan kuɗin diyyar da aka ba su shanu, suka damƙa wa Hayatu kiwo. Gwaggo Marka, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona, gonar tata karsana biyu ta koma. Shi kansa saniya ɗaya gare shi a garken, wata gurguwa mai ƙaho ɗaya. Mukan tsokane shi cewa ko kura ta gan ta sai ta yi mata sannu ta wuce.

Ana nan sai labari ya zo cewa ciwon bushiya ya shigo ƙasa, masu allurar shanu na bin ruga ruga. Mutanen Bakura suka jera shanunsu aka yi musu. Mu kuwa na wajen Maradun, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ranar ƙarshe da ma'aikatan gwamnati masu littafi suka zo mana, ɗorawa da mangwaro suka ƙirga, abin da ya biyo baya ruwa ne.

Nan ne ni Balarabe na shigo, kuma Allah wadaran bakina. Na yi shekara biyu ina tura baro a wurin aikin dam, na dawo da rediyo da surutu, ina ganin babu wanda ya fi ni sanin cikin gwamnati. Na tare Hayatu bayan sallar Juma'a na ce masa allurar nan dabara ce, yau a rubuta shanu, gobe a kwashe su. Ya ce a zamanin babansa an yi irinta, an ɗan yanki kunne kawai, ba abin da ya faru. Na ce wancan zamani daban. Ban bar shi ba sai da ya yarda.

Da safiyar ranar allurar ya kaɗa garken ya yi daji, amma ya bar gurguwar a turke. Ya ce in ƙwace ya kawo su, to su ƙwace tasa, su bar na amana. Masu allura suka zo, suka soka mata, suka yanki gefen kunnenta, suka sha fura suka tafi.

Ba a yi wata biyu ba ciwon ya iso. A Bakura 'yan maruƙa kaɗan ya ɗauka. A Ruwan Gizo ya taɓa nan ya tsallake can. Mu kam share mu ya yi. Sai ka ga saniya tana hawaye, bakinta ya yi miki, zawo ya biyo, kwana biyar ta kwanta. Kafin damina ta faɗi babu abin da ke tsaye a rugar Hayatu sai gurguwa mai yankakken kunne, tana tuƙa abinta.

Me za a ce? Aka ce ya san allurar na da amfani, ya yi wa tasa, ya hana na mutane.

Ya ja gurguwar har ƙofar gidan Gwaggo Marka ya ce ta karɓa. Ina tsaye a wurin, cikin jama'a.

"Hayatu, ni ba saniya nika so ba," in ji ta. "Hwaɗa mini gaskiya, wa yac ce ka ɓoye su?"

Ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai.

"Ba kowa, Gwaggo. Ni naɗ ɗauki amana, ni naɓ ɓoye su."

Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Ta ce ya tafi da abarsa. Daga ranar ko akuya ba a sake ba shi kiwo ba, kuma Gwaggo ta rasu tana riƙe da shi a zuciya.

Da ya koma tufka, kowace Talata sai na je na sayi igiya guda, ina cewa yau zan yi maganar. Mu gaisa, mu tambayi iyali da gajiya, in ɗauka in tashi. Shekara da shekaru haka. Zuwana na ƙarshe ya miƙo mini igiyar bai sake ta ba.

"Balarabe, igiyoyin ga duka, mi kaka ɗamrewa da su?"

Na ce awaki. Ya san ba ni da ko ɗaya. Ya yi murmushi ya sake mini.

Da kakar shekarar ya rasu. Igiyoyin suna nan rataye a zaurena, ban taɓa ɗaure komai da su ba.