Ranar da Hizam Ya Sayar da Bindigarsa

A rayuwata mutum uku na gani da ake cewa sun iya harbi. Biyu a kasuwar bindigogi ta Jihana na gan su, kowannensu bakinsa ya fi bindigarsa ƙara. Na ukun maƙwabcina ne, Hizam ɗan Rajih, wanda katangar dutse ɗaya ta raba gonar inabinsa da tawa shekara arba'in da 'yan kai. Wallahi har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu. Amma kowa da irin jarabar da Allah ya ɗora masa. Wani taunar ganyen ƙat mai sa maye, wani shari'ar iyakar gona, shi kuwa bindiga. Da an sayar da zabibi sai ya hau bayan mota ya nufi Jihana, ya dawo da wata tsohuwar bindiga naɗe a mayafi kamar jaririya. Ya kwance ta, ya goge, ya shafa mata mai, ya yi wata uku yana kai ta masussuka yana harbin duwatsu a tsaunin da ke ƙetaren kwari. Ranar da ya gama sanin halinta, wannan tana karkata hagu, waccan sai ta yi zafi take faɗin gaskiya, sai ya mayar da ita kasuwa. Sau da yawa da faɗuwa yake sayarwa, don shi ba ya ɓoye aibi. Mai saye yana washe baki, shi yana jera masa laifuffukanta ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa Dawla takan ce, "Wai kai ciniki kake yi ko sadaka?"

"Karatu nake yi," in ji shi. "Kin taɓa ganin malamin da ba a kai wa goron sallama?"

A kasuwar bindiga mai saye yana da hakki ɗaya da ba a hana shi. Zai nuna abin da ya ga dama, mai sayarwa ya harba sau ɗaya tak a gabansa. In ya samu, ciniki ya faɗa. In ya kuskure, ya naɗe kayarsa ya yi gaba, kuma daga ranar sai an daɗe kafin wani ya sake taya masa ko kwanson harsashi. Ni ban taɓa ganin Hizam ya naɗe kaya ba. In aka ce shi ne zai yi gwaji, masu rumfuna sukan bar shayinsu ya huce su fito kallo. Kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa auna abu mai rai ba, ko tsuntsun da ke cinye masa inabi. Da majajjawa yake korarsu.

Guda ɗaya ce ba ta taɓa komawa kasuwa ba, wata doguwar bindigar Jamus da ta girme shi, wadda ya sayo a hannun wani makiyayin raƙuma tun Hizam ɗin yana saurayi. Tsohuwa yake ce mata. Wani mai sukuni ya taɓa tayawa da mota sabuwa fil. Hizam ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ta ina take harbi?" Aka kwashe da dariya, mutumin ya ja motarsa.

Ni kuwa, Mukbil, ko jaki aka ɗaure mini a gindin bishiya sai na kuskure shi. Hizam yakan ce in ina riƙe da bindiga babu wurin da ya fi aminci kamar inda na auna. Na sha yin fushi, amma gaskiya ce.

To, sai auren 'yarsa Afrah ya zo. Ita ce autarsa, ungozoma ce a wani asibiti can bakin teku, kuma a can ta haɗu da Ayyash, wani siririn mutum mai tabarau da ke sayar da magani. Ita ta zaɓe shi, shekara biyu tana jira iyaye su daidaita. Danginsa masunta ne da manoman dabino, mutanen kirki, hannunsu ya san raga da igiya.

A wajenmu 'yan ɗaukar amarya ba sa shiga gari haka kawai. A masussuka ake tare su. Uban amarya ya riga ya kafa farin dutse a ƙetaren kwari, kuma sai bindigar baƙi ta fasa shi kafin a ci abinci, kafin a fito da amarya. In aka kira la'asar dutsen yana nan, wanda ya kafa shi ya tashi ya fasa abinsa a gabansu, su kuma su juya gida hannu rabbana, su dawo wani mako da bijimin yanka. Bijimin ba komai ba ne. Kunyar ce. Na san aure biyu da suka mutu a kan hanyar komawa, don mazan sun rantse ba za su sake taka garin da aka yi musu dariya ba.

Mai hankali, in ya san surukansa masunta ne, sai ya kafa dutsen nan kusa, babba, inda makaho ma zai samu. Da hantsi ya yi muka taru, na duba, na sake dubawa. Can saman tsauni, ƙarƙashin wata tsaga, wani ɗan farin abu kamar ƙwan kaza.

Na ce, "Hizam, ka haukace? Mutanen nan kifi suke kamawa!"

"A nan nake kafawa," ya ce, bai ko kalle ni ba.

"Don kanka kake kafawa a nan! Yau ba ranarka ba ce, ranar yarinyar nan ce. Girman kai zai kashe ka, wallahi."

Ya gyara zaman Tsohuwa a kafaɗarsa. Raina ya ɓaci har na matsa daga kusa da shi.

Baƙi suka iso mota uku, da kiɗansu da furanni a ka. Shugabansu kawun ango ne, Alhaji Futaini, wani baƙin dattijo mai jan gemu. Aka gaisa, aka nuna masa dutsen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya sa mu dace." Bindigogi huɗu suka zo da su, uku na aro.

Suka fara. Harsashi yana tayar da ƙura can ƙasa, wani can gefe, wani ma ba a ga inda ya nufa ba. Da fari ana raha. Samarinmu suna cewa, "Ku jefa masa raga mana!" Su ma suna ramawa, "Ku zo teku mu ga tsiyarku!" Da aka yi azahar raha ta ƙare. Ango da kansa ya karɓa ya harba sau uku, gindin bindigar ya daki kafaɗarsa har tabarau ya faɗi. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

A matso da dutsen kuwa ba zai yiwu ba. Wannan zagi ne ƙarara, kamar ka ce wa mutane ku yara ne. Gaba kura, baya sayaki.

Na haura gida in ga abin da ake ciki. Salta, miyar naman da muke yi wa baƙi, ta huce a tukwane, gurasa ta bushe, mata sun daina waƙa. Dawla ta tare ni a bakin ƙofa idanunta jawur.

"Ka gaya wa abokinka, in mutanen nan suka juya, ya kwashe bindigoginsa ya koma masussuka da zama. Su dafa masa abinci!"

Daga bayan ƙofa na ji muryar Afrah, a hankali. "Baffa Mukbil, ni ba abin da zan ce. Ka dai gaya wa Baba ina jin kowane harbi."

Na sauko na gaya masa duka biyun, ban rage ko kalma ba, har na ƙara nawa. Harsashin baƙi saura kaɗan. Ladan ya soma duban inuwar katanga yana gyaran murya. Alhaji Futaini ya riga ya ce wa direbobi su juya kan motoci.

Sai Hizam ya miƙe. Ya sauke Tsohuwa daga kafaɗarsa, ya ratsa filin nan da ya raba mu da baƙi, ya tsaya gaban ango.

"Ɗana, kana sayen bindiga?"

Ayyash ya ce, "Baba, ni ai..."

"Tambayarka na yi. Ga ta, sayarwa nake. Me ke aljihunka?"

Yaron ya laluba ya fito da 'yan riyal da ba za su sayi maratayinta ba. Hizam ya karɓa ya cusa a ɗamara, ya ce, "Na sayar. Ku shaida." Jama'a suka dubi juna. Ni kam sai da na ce subhanallahi, don na san abin da Tsohuwa take a wajensa.

Alhaji Futaini ne ya fara ganewa. Ya matso ya dafa kafaɗar ango. "Kai ɗan nan, ana sayen bindiga ba gwaji? Nuna masa abin da zai harba."

Ayyash ya ɗaga hannu, ya nuna farin dutsen.

Wani ɗan ƙauyenmu mai baƙin ciki ya ce, "Wannan ai ha'inci ne!" Limaminmu ya juya ya dube shi. "Al'adar kasuwa ce, kuma bindigar ango ce. In kana da wata magana, ka sayi taka." Mutumin ya haɗiye sauran.

Amma kowa ya san abin da ke ciki. Harbi ɗaya ne. In ya kuskure, cinikin ya warware, bindigar ta koma tasa, la'asar ta shiga, shi ke nan.

Hizam ya tafi wajen wani faffaɗan dutse a gefen masussuka inda ya saba zama. Ya cire rawaninsa ya ninke, ya durƙusa, ya shafa dutsen da tafin hannu, ya kwantar da bindigar. Ya sa harsashi ɗaya. Ya ɗora kumatunsa. Ya daɗe, ya daɗe, har na ji kamar in kurma ihu. Mutum ɗari biyu a wurin amma kana jin kukan akuya daga ƙauyen da ke gaba da namu.

Tsohuwa ta yi magana sau ɗaya. Can sama farin abin nan ya tarwatse, ƙurarsa ta tashi kamar an watsa gari, sai daga baya ƙarar ta dawo mana daga tsauni.

Allahu akbar! Ban san lokacin da na rungume wani masunci ina kuka ba. Guɗa ta ɓarke a saman soraye, bindigogi suka kama tashi ta ko'ina, ladan ya kira la'asar. Hizam ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya miƙa wa ango bindigar da hannu biyu. Ya ce, "In ta yi sanyi tana ɗan sauka ƙasa. Kada ka bar ta da ƙura." Ayyash ya so ya mayar masa, Hizam ya ce, "A gidanmu ba a warware ciniki." Aka ɗumama saltar aka ci, ba wanda ya yi ƙorafi. Kafin magariba aka fito da amarya, motoci suka gangara.

Washegari da hantsi na same shi zaune a kan katangarmu, kafaɗarsa wayam. Na ce, "To, jarumi. Ka yi abin da jikokinmu za su ba da labari. Amma har yanzu ban yafe maka ba. Da ka kafa dutsen kusa, da Tsohuwa tana ɗakinka."

Ya ce, "Zauna, Mukbil." Na zauna.

"Da na kafa shi kusa suka kuskure, wa zai tashi ya fasa?"

"Kai mana."

"Da me?" Ya juyo da fuskarsa gare ni. "Shekara biyu ke nan ba na ganin abin da ya wuce tsawon sanda. Kai ma da muryarka nake gane ka, da wannan tafiyar taka ta agwagwa. Dawla ma ba ta sani ba. Wancan gurbin kaɗai na sani. Ƙafata ta san hanyarsa, dutsen da nake zama ya lotsa daidai inda nake kwantar da ita, tsagar tsaunin kuma ina ɗan ganin duhunta a jikin sama. Sai in sauko faɗin yatsa ɗaya. Na zaci a cikin mutum talatin za a samu ɗaya ya dace. Ban yi tunani da kyau ba."

Na matso kusa da shi. Ina kallon idanunsa, ga su nan a buɗe kamar na kowa.

"Kana nufin jiya ba ka ga dutsen ba?"

"Guɗa na ji."

Na tuna irin maganganun da na yaɓa masa a gaban jama'a, kunya ta rufe ni. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai ya kamo hannuna ya riƙe gam.

"Bar wannan. Abu ɗaya nake so ka gaya mini, kuma kada ka yi mini ƙarya. Da aka fito da ita za ta shiga mota, na ji ta tsaya. An ce ta ɗaga mayafi ta waiwayo wajena. Kuka take yi ko dariya?"

Na ce, "Duka biyun, Hizam. Kuma kai take kallo, ba ta kalli kowa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Sake faɗa mini."