Allon lokutan salla

Ni na rubuta wa masallacinmu na unguwar Coal Camp manhajar da ke nuna lokutan salla a allo. Don gaggawa na kwaso wasu fayiloli da ake kira heda daga cikin kanel, wato zuciyar tsarin kwamfuta, na cusa a ciki. Yayana, wanda ya koya mini aikin, ya ce, "Waɗannan kayan cikin gida ne, ba na manhaja ba. Da an sabunta tsarin za ka sha mamaki." Na ce, "Yaya, na san abin da nake yi."

Wata Juma'a aka sabunta tsarin, allo ya yi baƙi ƙirin. Liman ya waiwayo ya ce, "Malam injiniya, lafiya?" Kunya ta hana ni ɗaga kai. Sati guda na yi ina sake rubutawa, ina sallar asuba a sahun baya.