Gangarar da ta kunyata ni

"Direba, lahiya na ji mota ta yi shiru?"

Wata tsohuwa ce daga kujerar baya, mun taso daga Ƙaura za mu Shinkafi ranar kasuwa. Na ce, "Lahiya lau, Inna, dabara ce."

Tun da mai ya yi tsada na koyi kashe mota idan mun zo gangara, ta silala da kanta, sai mun sauka in tayar. Har alfahari nake yi da abin a tasha.

Gangara ta ƙare, na murɗa makulli. Shiru. Na sake murɗawa, shiru. Ashe batir ya gaji. Kuma a dajin da ko fitsari ba a tsayawa yi don tsoron ɓarayi!

Ban roƙi kowa ba, tsoro ne ya fito da fasinjoji. Har wani Alhaji ya naɗe babbar riga yana turi yana salati, yana waige-waige.

Da ƙyar ta tashi. Kowa ya shigo yana haki. Sai Inna ta ce, "Ɗana, man da ka yi tsimi ya kai kwalba?"

Na ce, "Da kaɗan bai kai ba, Inna."

Ta ce, "To, zufar bayin Allah ga ta cika galan."

Yanzu a tasha "Na-gangara" ake kirana. 'Yan uwana direbobi, ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya: ni kaɗai ke wannan dabarar?