Esin da Yake Mutuwa Bayan Azahar

Na shiga gidaje da yawa a aikin nan, amma ranar da na tsaya a bayan gidan Dakta Sani a Pleasant Garden, na rasa ko dariya zan yi ko kuka, ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku sababbin shiga da kuke ganin geji, ma'aunin gas ɗin nan, ya san komai, ku gyara zama ku ji.

A lokacin, shekarata ta biyu ke nan a Greensboro, nan ƙasar Turawa. Kafin nan na koyi gyaran firji da esi, injin sanyaya ɗaki, a Legas, na kuma yi 'yan shekaru a bakin tekun jihar nan, inda gishirin iska yake cinye inji tun mai gida bai gama sabawa da shi ba. Saboda haka in na ce na san esi, ba cika baki nake ba. Duk da haka, da Alhaji Fuseini, mai kamfaninmu, mutumin zangon Kumasi, ya ɗauke ni, a mataimaki ya ɗauke ni. Mataimaki shi ne mai rarrafe a ƙarƙashin gida cikin laka da yanar gizo, shi ne mai shiga silin a watan Yuli yana jan bututu. Shugaban aiki kuwa, wanda muke ce wa lid, shi ke riƙe makullin mota, shi ke magana da mai gida, kuma sunansa ne a kan aikin. A farkon zafin shekarar Alhaji ya ba ni makullin, ya ce na gwaji ne. Gidan Dakta Sani shi ne aikina na farko.

Ga wanda bai san abin ba, esin gida a nan rabi biyu ne. Rabi yana ciki, yana tsotse zafi da laimar ɗakuna. Rabi yana waje, akwatin ƙarfe ne mai fanka a samansa, shi yake amayar da zafin nan sama. In ka ɗora hannu a kansa za ka ji iska mai zafi tana fita da ƙarfi. Laimar kuwa ita ce masifar garin nan. Ka yi wanka ka rataye tawul, gobe ka same shi yadda ka bar shi.

Dakta Sani malamin jami'a ne, mutumin Katsina, matarsa Anti Rabi kuma nas ce. Tsohon esinsu ya mutu, muka cire shi, na sa musu sabo fil da hannuna. Sun yi haihuwa a shekarar, mahaifiyarsa Hajiya Dije ta zo daga gida, ita take wuni da jaririyar in sun tafi aiki. Ranar da muka gama, Hajiya ta hana mu tafiya sai da muka ci abinci.

Ba a yi sati biyu ba Dakta ya kira ni da yamma. Ya ce, "Malam Garba, na dawo na tarar da gida kamar gidan burodi. Injin naka ya mutu."

Kalmar "naka" ɗin nan ta sosa mini rai. Na ce zan zo da safe.

Na je. A cikin akwatin na waje akwai wata 'yar fitila, in injin ya kashe kansa takan riƙa kiftawa ta nuna dalili. Ta nuna cewa matsin gas ne ya hau ya wuce kima. Na kashe wuta na kunna, inji ya tashi lafiya lau. Na ɗaura geji, komai daidai. Na wanke jikinsa duk da ba datti, don dai a ga na yi wani abu. Ina haɗa kayana Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ai ba ka tafi da yunwa ba." Tuwo ne da miyar busasshiyar kuɓewa, irin wadda rabona da ita tun ina gida. Na ce, "Mama, a ina kuke samun kuɓewa mai ƙamshi haka a ƙasar nan?" Ta ce, "Allah ne mai bayarwa. Ci ka ƙara." Na ci na ƙara.

Bayan 'yan kwanaki aka sake kira. Fitila ta sake faɗin abin da ta faɗa, geji ya sake cewa lafiya. Na ce ko fankar ce take tsayawa in ta yi zafi, na canza mata kafasita, ɗan abin da ke tayar da ita. Na ci tuwo na tafi.

Kira na uku ba ni Dakta ya yi wa ba, Alhaji ya kira kai tsaye. Alhaji ya sa aka nemo ni ofis, can wajen Wendover, ya rufe ƙofa. Ya ce da irin bakinsu na Kumasi, "Masa Garba, sabon inji ba ya ƙarya. Ko ka cika masa gas ya yi yawa, ko ba ka zuƙe iskar bututun da kyau ba. Duk biyun hannunka ne."

Na ce, "Alhaji, tun kafin in yi gemu nake zuƙe bututu."

Ya ce, "A Legas. Nan ba Legas ba ne. Mutumin nan shi ke jan salla wani lokaci a masallacinmu, duk Hausawan garin nan suna jin maganarsa. In ya sake kira, ka ajiye mini makulli ka koma rarrafe."

Wallahi raina ya ɓaci. Na riga na gaya wa matata an ƙara mini girma, ita kuma ta riga ta gaya wa duk danginta har Zariya. Ga gwiwata ta hagu da ƙarƙashin gidaje suka riga suka gama da ita. Na koma gidan Dakta na zuƙe gas ɗin gaba ɗaya, na auna shi a sikeli, na mayar da sabo daidai yadda masu injin suka ce. Na san aikin banza nake yi, don tun farko daidai yake. Ranar ma na ci tuwon, amma ban ji daɗinsa sosai ba.

Abin da ya dame ni shi ne injin yana da zaɓe. Ba ya mutuwa Asabar da Lahadi. Ba ya mutuwa ranar da aka yi ruwa. Ba ya mutuwa ranar da na je. Ni ban taɓa ganin inji mai tsoron mai gyara haka ba. Wata Laraba na gama wani ɗan aiki a Irving Park da wuri, na zauna a mota, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ce bari in je in same shi a lokacin da yake yin tsiyar tasa, ba tare da na gaya wa kowa ba.

Na isa da tsakar rana. Na ajiye mota a bakin titi don kada in tayar da jaririya, na zaga ta gefen gida. Tun kafin in sha kwana na fara atishawa. Barkono ne.

Jama'a, ga sabon injina, an lulluɓe samansa da tabarma, an danne kusurwoyinta da bulo. A kan tabarmar an baje yankakkiyar kuɓewa, gefe ɗaya barkono, gefe ɗaya ganyen zogale. Tabarmar tana kumbura tana sauka, injin yana gurnani a ƙarƙashinta yana neman hanyar numfashi. Hajiya Dije tana zaune a gefe kan 'yar kujera, jaririya goye a bayanta, tana juya kuɓewar da hannu, hankalinta kwance.

Ina tsaye a wurin injin ya yi wani ƙara ya ɗauke. Hajiya ta dube shi ta ce, "Yau ma ka gaji da wuri? To sannu, ka yi ƙoƙari."

Na yi sallama. Ta juyo a firgice ta ce, "Af, ɗan nan, ba a ce mini za ka zo ba. Da na kwashe."

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Mama, tun yaushe ake wannan shanya?"

Ta ce, "Tun da ka kawo shi, Allah ya yi maka albarka. Tsohon ba shi da kuzari. Kuɓewar da na shuka a bayan nan ta yi 'ya'ya sun fi ƙarfin cinmu. Na shanya a rana, kwana biyu ta yi funfuna. Ranar garin nan zafi kawai ta iya, ba ta busar da komai. Wannan kuwa kafin azahar ya yi rabin aiki."

Na ce, "Dakta ya sani?"

Ta rage murya. "Sani ya ce a nan ba a shanya a waje, maƙwabta za su ce mun zo da ƙauyanci. Sai in jira su fita, kafin su dawo na kwashe. Ranar da za ka zo kuwa, ai ba a tarbar baƙo da shanya."

Na ce, "Mama, ba ki lura in ya tsaya sanyin ɗaki ma yana tsayawa ba?"

Ta ce, "Wancan ai daban yake. Shi mai sanyi ne, wannan mai zafi. Ni ma dai in ya tsaya hutawa nake yi, ƙasusuwana ba sa son sa."

Na yi mata bayani a hankali, na nuna mata bututun da ya haɗa su ta bango. Na ce abu ɗaya ne, in aka toshe wa na waje baki, na ciki ma ya mutu. Ta bi bututun da kallo. Can ta ce, "Wato duk wahalar nan da kake sha, ni ce?" Idonta ya ciko. Ta ce, "Don Allah kada ka gaya wa Sani. Ba zai yi mini faɗa ba, amma zai ce in zauna in huta. Ni kuwa tun da na zo, hutun nan ne yake neman kashe ni."

Ta miƙe za ta kwashe tabarmar. Na ce, "Mama, tsaya. Aikina ne a kan tabarmar nan. Dakta ba zai ji daga bakina ba, amma akwai mutum ɗaya da dole ya gani da idonsa, in ba haka ba gobe ina ƙarƙashin gida." Ta dube ni, ta koma ta zauna. Ta ce, "Kira shi."

Na kira Alhaji na ce ya zo da kansa, kada ya tambaye ni komai. Ya iso a fusace, hannunsa ma a miƙe yake, ina jin makulli ya zo karɓa. Yana shan kwana ya yi atishawa, ya ga tabarma, ya ga bulo. Ya dube ni, ya dubi injin, sai ya zauna a kan ciyawa yana dariya har hularsa ta faɗi. Na tsorata kada Hajiya ta ji kunya. Amma da ya tashi sai ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗebi kuɓewar ya shinshina, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Mama, rabona da wannan ƙamshin tun uwata tana raye." Hajiya ta ce, "To ai akwai tuwo a ciki."

Muna cin tuwon nake ta jira Alhaji ya ce in yi haƙuri. Kun dai san shi. Sai da ya suɗe hannu ya ce, "Makullin yana wurinka?" Na ce yana nan. Ya ce, "To riƙe shi da kyau." Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, kuma har yau ban sake rarrafe ba sai in na ga dama.

Da yamma Alhaji ya kira Dakta a gabana ya ce, "Mun gano matsalar. Iska ce ba ta samun hanyar fita, mun buɗe mata." Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Dakta ya ce, "Dama ni ma na yi zargin haka." Na fita waje don kada a ji ni.

A satin muka haɗa wa Hajiya akwatin shanya da katako da raga da wata tsohuwar fanka daga sito, muka sa mata a rumfar bayan gida inda maƙwabci ba ya gani. Muka ce wa Dakta kyauta ce daga kamfani don tuwon da muka ci. Ya yi ta godiya. Injin bai ƙara mutuwa ba.

Wajen ƙarshen zafin na biya in duba shi. Na tarar da akwatin shanya yana ta aiki a rumfa, Hajiya kuma tana zaune a wurinta na da, kusa da injin, ba tabarma ba bulo, ta miƙa tafin hannunta saman fankar. Na ce, "Mama, ga inuwa can, me kike yi cikin zafi?" Ta ce, "Ƙyale ni, ɗan nan. Duk garin nan iskarsa kaɗai ce irin ta Katsina." Na duba abin da zan duba a hankali, ban kashe shi ba.

Tun daga ranar, in inji ya ce yana ciwo da azahar, da azahar nake zuwa, ba na bari a shirya mini. Kuma kafin in tambayi mai gida komai, sai na tambayi wa yake wuni a gidan, in je in gaishe shi tukuna, don shi ne yake zaune da injin, mai gida kira kawai yake yi. Ni shaidar tana gabana a kwano tun ranar farko, na cinye ta har da ƙari. In kuka je gida aka kawo muku tuwo, ku ci, amma ku tambayi inda aka shanya kuɓewar.